Babi na Bakwai: Farin Tururi a Bakin Salansa

Babu injin fetur ko na gas da zai yi aiki ba tare da ya haifar da ruwa ba, kuma daga nan ya kamata duk wani bincike kan farin tururin da ke fita daga salansar mota ya faro. Man fetur haɗi ne na sinadarai biyu, kabon da haidurojin, kuma idan ya ƙone a cikin silinda, wato ramin da fistin yake hawa da sauka a cikinsa, kabon yakan haɗu da oksijin na iska ya zama kabon dayoksaid, shi kuwa haidurojin ya haɗu da oksijin ɗin ya zama ruwa. Yawan wannan ruwa ya fi abin da akasarin direbobi ke zato, domin kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona tana barin ruwan da ya kusa cika lita ɗaya. Motar hayar da ta tashi daga Gusau ta nufi Tsafe, tafiyar kimanin kilomita 50, ta watsar da lita uku ko huɗu na ruwa a kan hanya kafin ta isa, ko da lafiyar injinta ƙalau take, sai dai ido ba ya ganinsa saboda yana fita da zafin da ya hana shi komawa ɗigo.

Ido yana fara ganinsa ne idan ya yi sanyi, kamar yadda ake ganin hucin bakin mutum da asubahin hunturu, ko gumin da ke tsatsafowa a jikin kwanon ruwan sanyi. Iskar da ke fita daga injin fetur tana fara sakin ruwanta da zarar zafinta ya sauko ƙasa da digiri 50 da 'yan kai a ma'aunin Salshiyas, saboda haka motar da ta kwana a waje, ƙarfen salansarta ya sha sanyin dare, dole ta yi tururi idan aka tashe ta, har ma a ga ruwa yana ɗiga daga bakin bututun. A ƙasar Zamfara an fi ganin haka a lokuta biyu. Na farko shi ne watannin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba yake saukowa ƙasa da digiri 15, musamman a unguwannin Gusau da na Bungudu da ke kusa da Gulbin Sakkwato. Na biyu shi ne tsakiyar damina, wajen watan Agusta, lokacin da iska ta ƙoshi da laima har ba ta iya shanye wani ruwa da sauri, sai tururin ya daɗe yana bin bayan mota. A duka lokutan biyu, tururin da ba na cuta ba siriri ne, yana ɓacewa taku biyu ko uku daga bayan mota, kuma yakan ɗauke gaba ɗaya cikin minti biyar zuwa goma, da zarar bututun ya ɗauki zafi.

Wannan ne ya sa alama guda take da ma'ana biyu gwargwadon wata da sa'a. Farin tururi da ƙarfe shida na safiyar Janairu a tashar motar Bungudu ba abin tashin hankali ba ne, amma irin wannan tururin da ƙarfe biyu na ranar Afrilu, lokacin da zafin bazara ya haura digiri 40 kuma iska ta bushe ƙayau, shaida ce mai nauyi cewa akwai ruwan da ke shiga inda bai kamata ya shiga ba. Bakanike mai hankali yakan fara da tambaya kafin ya ɗauki sifana: yaushe tururin ya fara, da safe ne kaɗai ko har bayan doguwar tafiya, sau nawa ake ƙara wa lagireto ruwa a mako, kuma ko akwai ranar da allurar zafi ta taɓa hawa ja. Amsar tambaya ta ƙarshe ita ce direbobi suka fi ɓoyewa, musamman idan motar ba tasu ba ce, alhali ita ce ta fi kowace amfani.

Hausa ta raba tururi da hayaƙi, kuma wannan rabuwar tana da amfani a gareji fiye da yadda ake lura, domin yawancin kurakuran farko suna faruwa ne idan aka kira komai farin hayaƙi. Tururi ruwa ne, yana narkewa cikin iska ba ya barin komai. Hayaƙi kuwa ƙananan ɓurɓushin mai ne ko na gawayi, yana rataya a iska, yana bin ta har nesa. Idan baƙin mai ne yake ƙonewa, ko dai saboda ringin fistin ya cinye ko saboda robobin bawul sun bushe, hayaƙin yakan yi fari-fari mai ratsin shuɗi, wanda a hasken rana tsaka ana iya ɗaukarsa fari, amma ƙaurinsa na ƙonannen mai ne, kuma farar takardar da aka kara kusa da bakin salansa za ta ɗauki maiƙon da ba ya bushewa, saɓanin ɗigon ruwa da ke bushewa ya bar takarda yadda take. Baƙin hayaƙi batunsa dabam ne, yana nuna fetur ya fi iska yawa, kuma a hunturu sau da yawa ƙurar da ta toshe matatar iska ce sanadi. A motocin gas, irin manyan motocin da ke ɗaukar hatsi da dabbobi daga kasuwannin yankin, akwai wani farin hayaƙi mai kauri da ke sa ido yaji, wanda man gas ne da bai ƙone ba, saboda nozul ya lalace, ko lokacin fesa mai ya goce, ko abin ɗumama silinda ya mutu. An sha kwance inji a banza saboda wannan hayaƙin, alhali hanci kaɗai ya isa ya raba gardama.

Idan ta tabbata tururi ne, kuma bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, to sai a nemi hanyar da ruwan lagireto ya bi ya shiga silinda. Inji kashi biyu ne da aka ɗora ɗaya a kan ɗaya: gangar da ke ƙasa, wadda kanikawa ke kira bulok, inda fistin suke, da kuma kan da ke rufe ta, wanda suke kira tof silinda, inda bawul da fulogi suke. A cikin ƙarfen duka biyun an huda hanyoyin ruwa da na baƙin mai, suna ratsawa daf da ramukan wuta, wani wurin tazarar ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba. Abin da ke raba waɗannan abubuwa uku, wuta da ruwa da mai, shi ne wani siririn faifai da ake matsewa tsakanin bulok da tof silinda, wato gaskit, wanda kaurinsa bai fi milimita ɗaya zuwa biyu ba. Idan ya fashe tsakanin ramin wuta da hanyar ruwa, abu biyu ne ke faruwa bi da bi. Yayin da fistin ke sauka yana zuƙar iska, yakan zuƙo ruwa tare da ita, ruwan ya tafasa ya fita ta salansa, yayin da kuma wuta ta tashi, ƙarfinta ya ninka na ruwan lagireto sau gommai, sai ta tura iska mai zafi cikin hanyoyin ruwa. Kusan duk gwaje-gwajen da za a ambata a gaba, neman sawun ɗaya daga cikin waɗannan biyu ne.

Gaskit ba ya ƙonewa haka kawai, kuma a nan ne maganar ta shafi yadda ake riƙe mota a wannan yanki. Yawancin motocin da suka yi aikin haya a hanyoyin Zamfara, tun daga Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a 1975 har zuwa Golf da ta gaje ta a tashoshi, bulok ɗinsu na baƙin ƙarfe ne, tof silinda kuwa na alminiyam. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, kuma masu ƙera inji sun yi lissafin wannan bambanci ne a kan zafin da ya dace, wajen digiri 90. Idan zafi ya wuce kima, tof silinda yakan kumbura ya danne gaskit fiye da ƙarfinsa, idan ya huce kuma ba ya komawa daidai, sai ya ɗan banƙare. Banƙarewar da ta isa ta ɓata aiki ƙarama ce ƙwarai, domin masana'antu da yawa ba sa yarda ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na milimita ɗaya, wato kusan kaurin gashin kai. Saboda haka zafi na rana ɗaya ya isa, ko da tururin bai bayyana ba sai bayan makonni.

Al'adu uku ne suka fi jawo wannan zafin. Ta farko ita ce cika lagireto da ruwan rijiya, ko na burtsatse, ko na gulbi, a maimakon ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a galan. Ruwan zalla yana kwashe zafi sosai, ba a nan matsalarsa take ba. Matsalar ita ce gishirin ƙasa da ke cikinsa yana kwantawa a siraran bututun lagireto kamar yadda yake yin fari a gindin butar shayi, sannan ba shi da sinadaran hana tsatsa, don haka yana cin alminiyam da fuka-fukan famfon ruwa da gefen gaskit a hankali. Jan ruwan da ake gani idan aka buɗe lagireton motocin haya da yawa, tsatsar cikin inji ce. Ta biyu ita ce raina murfin lagireto. Murfin nan bawul ne da aka auna, yana riƙe matsi na 13 zuwa 16 a irin awon da masu faci ke ba taya iska da shi, kuma wannan matsin ne ke ɗaga tafasar ruwa daga digiri 100 zuwa wajen 120. Murfin da robarsa ta tsage, ko wanda aka maye gurbinsa da leda da tsumma, ya mayar da inji tukunyar da ba ta da murfi, ruwa yana tafasa a kusa da ramukan wuta tun allura ba ta nuna komai ba. Ta uku ita ce cire tamostat, wato ƙaramin bawul da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai digiri 80 da wani abu kafin ya sake shi zuwa lagireto. An daɗe ana cire shi daga motocin Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, da zarar sun iso, bisa hujjar cewa na ƙasar sanyi ne. Hujjar ba ta da ƙarfi, domin motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da sauran ƙasashen zafi da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma a injuna da dama cire shi yana barin wata gajeriyar hanya a buɗe, wadda ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. Abin da cire shi ya fi yi shi ne ɓoye toshewar lagireto na ɗan lokaci.

Akwai kuma sanadi na huɗu wanda littattafan gyaran mota na Turai ba su san da shi ba, shi ne halin hanya. Ƙa'ida ita ce direba ya tsaya nan take idan allura ta hau ja, ya kashe inji ya jira. Amma shekarun nan na hare-haren 'yan bindiga sun sa tsayawa a dajin da ke tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe, ko tsakanin Tsafe da Yankara a hanyar Funtuwa, ya zama abin da direba mai ɗauke da fasinjoji ba zai yi da son ransa ba, musamman idan la'asar ta yi. Zai ci gaba da taka mota har ya kai gari ko shingen jami'an tsaro, kuma babu mai adalcin da zai zarge shi, domin rai ya fi inji. Sai dai minti goma na irin wannan tafiya sun isa su banƙare tof silinda, kuma idan aka isa aka kwarara ruwan sanyi a cikin injin da ya bushe yana huci, ana iya tsaga shi ma gaba ɗaya. Darasin da ke cikin wannan na tasha ne, tun kafin a ɗauki hanya: duba ruwa, da murfi, da fambel, da tiyo, da tabbatar da cewa fanka tana tashi, ya fi muhimmanci ga direban Gusau fiye da direban da ke da damar tsayawa duk inda ya ga dama.

Binciken kansa yana da tsari, kuma kyakkyawan tsari shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Da safe, kafin a tashi mota, a buɗe lagireto a cika shi, a yi alama a jikin robar ajiyar ruwa, sannan a shimfiɗa kwali a ƙarƙashin inji. Motar da ke shan ruwa kullum amma ba ta ɗiga a ƙasa, ba ta jiƙa kafet ta ƙarƙashin gaban mota, to ruwan yana bi ta ciki ne. Daga nan, tun inji yana da sanyi, a bar murfi a buɗe a tashe shi a zuba ido: kumfar da ke tasowa a jere ba ta yankewa, tana ƙaruwa idan aka taka totur, iskar wuta ce da ta ratsa gaskit. Haka nan idan aka rufe murfin, babban tiyon sama ya yi tauri kamar ƙarfe cikin minti ɗaya ko biyu, tun ruwa bai yi ɗumi ba, wannan matsin ba na zafi ba ne. Ba a yin ɗaya daga cikin waɗannan a kan inji mai zafi, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yakan yi tsalle da zarar an murɗa murfi, kuma yaran gareji da yawa suna ɗauke da tabonsa a hannu da fuska.

Fulogi ma shaida ne mai faɗin gaskiya. Idan aka kwance su duka aka jera bisa tsarin silindarsu, masu lafiya sukan yi ruwan ƙasa-ƙasa, amma wanda ruwa ke shiga raminsa yakan fito tas kamar an wanke shi, saboda tururi yana kankare gawayi, wani lokaci ma da ɗan tsatsa a bakinsa. Irin wannan motar takan yi rawa idan an tashe ta da safe, na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta daidaita, domin ruwan da ya tsiyaya cikin dare yana kashe wutar silinda ɗaya har sai ya ƙone. Idan ruwan ya yi yawa har kik ya kasa juya inji, to kada a tura motar don ta tashi, saboda ruwa ba ya matsuwa, kuma ƙarfin turin yana iya lanƙwasa sandar fistin, ƙaramin gyara ya koma sayen inji.

Alamomi biyu da aka fi yawan ambata suna buƙatar taka tsantsan a wannan ƙasa. Ta farko ita ce ƙamshi. Littattafai suna cewa tururin gaskit yana da ƙamshi mai zaƙi, kuma gaskiya ne, amma zaƙin na sinadarin gilaikol ne da ke cikin ruwan sanyaya inji na galan, wanda guba ne da ya kamata a nisanta shi daga yara da awaki. Motar da ruwan rijiya ne a cikinta ba za ta yi wannan ƙamshin ba ko da gaskit ɗinta ya yi kaca-kaca, don haka rashin ƙamshi ba ya wanke ta. Ta biyu ita ce farin kumfa mai kama da shayi da madara a ƙarƙashin murfin baƙin mai. Idan duk man da ke jikin sandar awo ya koma haka, kuma ya ƙaru a maimakon ya ragu, ruwa ya shiga mai, kuma bai kamata inji ya ƙara juyawa ba. Amma ɗan kumfa a murfi kaɗai yana iya zama gumin da ya taru a injin da ba ya samun isasshen zafi, kamar motar ma'aikacin da ba ta wuce Tudun Wada zuwa sakatariya, an cire mata tamostat, an kuma haɗa fankarta kai tsaye tana juyawa tun daga asubahin hunturu.

Gwaje-gwajen da ke yanke hukunci suna buƙatar kayan aiki, amma ba masu tsadar da ta fi ƙarfin gareji ba. Akwai famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a ba shi matsi daidai da na murfinsa, a jira a ga ko allura za ta sauka, a kuma leƙa ramin fulogi da tocila a ga ko ruwa ya taru a kan fistin. Akwai gejin matsi da ake ɗaurawa a ramin fulogi, wanda idan ya nuna silinda ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 akwai abin dubawa, idan kuwa biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare, gaskit ya fashe a tsakaninsu. Mafi sauƙi shi ne wata kwalba mai shuɗin ruwa da ake ɗorawa a bakin lagireto ana zuƙo iskar ciki ta ratsa shi: idan akwai kabon dayoksaid, wanda ba shi da hanyar zuwa wurin sai daga ramin wuta, shuɗin yakan koma ruwan ɗorawa. Abin takaici ne cewa garejin da zai iya sauke inji ya mayar cikin yini biyu sau da yawa ba shi da wannan kwalbar, wadda kuɗinta bai kai na gaskit mai kyau da ladan aiki ba, kuma wuri ne da ƙungiyoyin kanikawa da makarantun fasaha na jihar, irin su kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda da ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, za su iya yin tasiri da ƙaramin ƙoƙari.

Ko an tabbatar ruwa yana shiga silinda, ba a gama ba, domin gaskit ba shi kaɗai ne ƙofa ba. Tof silinda yana iya tsagewa tsakanin bawul biyu, a wasu injuna ruwa yana bi ta gaskit ɗin bututun shigar iska, a sababbin motocin gas akwai na'urar da ke sanyaya hayaƙi da ruwa kafin a mayar da shi inji, wadda idan ta huje takan yi tururi mai yawa alhali gaskit lafiya lau, a injin 504 kuma, inda silinda hannun riga ce da ake zurawa cikin bulok ruwa yana kewaye da ita, zaman hannun rigar ma abin aunawa ne. Saboda haka idan aka buɗe inji, tsohon gaskit abin karantawa ne kafin a jefar: inda ya fashe yakan nuna baƙin sawun wuta ko tsatsa, idan kuwa aka same shi lafiya ta ko'ina, laifin yana wani wuri, kuma sabon gaskit ba zai yi maganin komai ba.

Gyara mai ɗorewa yana buƙatar a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof silinda a auna banƙarewarsa, a kai shi wurin masu injin gogewa idan ya wuce kima, a gwada shi ko ya tsage, sannan a ɗaure kusoshinsa da sifana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki kamar yadda masana'anta ta tsara, maimakon ɗaurin ƙarfin damtse da bututun ƙarfe. A injuna da yawa na zamani kusoshin suna miƙewa idan an ɗaure su, don haka ba a maimaita su. Ɗanyen ƙwai ko garin barkono da wasu ke zubawa a lagireto na iya toshe ɗan ƙaramin yoyo na waje har a kai gari, amma ba sa tsayawa a gaban wutar silinda, kuma suna ƙara toshe bututun da tun farko toshewarsu ce ta jawo zafin. Wajibi ne kuma a gano abin da ya fara sa injin zafi, a wanke lagireto ko a sauya shi, a mayar da tamostat, a sa sabon murfi, a juye gurɓataccen mai, in ba haka ba motar za ta dawo da cutar kafin bazara ta fita. Bayan an haɗa inji, salansa takan ci gaba da tururi na rabin sa'a ko fiye, saboda ruwan da ya taru a tukunyarta tun kafin gyara sai ya ƙone, kuma hukuncin ko aikin ya yi kyau yana ga alamar da aka yi a jikin robar ruwa, wadda za a riƙa dubawa kowace safiya har mako guda.